Yara 20 Da Turke Guda: Tarihin Ƙungiyar Ti-bol Ta Garin Warner Robins

A kowane gari, idan manyan yara suna wasa a dandali, akwai ƙananan da ke tsaye a gefe suna kallo. Idan ƙarami ya matso, sai a ce masa, "Kauce, kai yaro ne, kada a ji maka ciwo." Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin haka ba. Yaran Amurka ma sun sha wannan kora.

A shekarar 1958 wani ma'aikaci a garin Warner Robins, cikin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, ya tara ƙananan yara 20. Ya kafa musu ƙungiyar wasa tasu ta kansu. Wasan da suka yi shi ne ake kira ti-bol. Idan za a faɗi sunan da Hausa, sai a ce ƙwallon kan turke. Yau ana yin wannan wasa a ƙasashe da dama. Amma kafin mai karatu ya gane ti-bol, sai ya fara sanin wasan da ya haife shi.

Wasan manya

Ti-bol ya fito ne daga wani wasa da ake kira besbol, ko ƙwallon gora. Amurkawa suna ƙaunar besbol kamar yadda samarin karkara ke ƙaunar ƙwallon ƙafa. Ga yadda ake yin sa.

Kulob biyu ne ke karawa, kowanne da mutum 9. A fili akwai zango huɗu, an ajiye su kusurwa huɗu. Zangon da ake tashi daga gare shi ana ce masa gida. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne. Mutum ɗaya yana tsayawa a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, shi ne mai jifa. Abokin karawarsa yana tsayawa a gida riƙe da gora, wadda ta yi kama da 'yar siririyar taɓarya. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya kai masa duka. Idan ya same shi, sai ya yar da gora ya sheƙa zuwa zango na gaba. Mutanen mai jifa kuma suna warwatse a fili. Aikinsu shi ne su cafe ƙwallon, su aika da shi zangon kafin mai gudu ya isa. In ƙwallon ya riga shi, to ya fita. In kuwa ya bi zango-zango har ya komo gida, kulob ɗinsa ya sami ci ɗaya. Da zarar an fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Masu bugu su koma tsaron fili, masu tsaro su zo bugu.

Ƙwallon besbol bai wuce girman lemon zaƙi ba, amma tauri gare shi ƙwarai. Gwanin jifa yana iya wurga shi da gudun kilomita 150 a awa guda. Motar haya ma ba ta yin wannan gudu a kan kwalta. Wanda irin wannan ƙwallo ya sama a haƙarƙari ba ya mantawa. Filin ma ya yi wa yaro faɗi, gorar ta yi masa nauyi. Saboda haka tun asali wasan na ƙarti ne.

Mutumin da ya rage fili

Wanda ya fara gyara wasan daidai da yaro, har gyaran ya zauna, wani akawu ne mai suna Carl Stotz. Yana zaune a garin Williamsport, cikin jihar Pensilbaniya, can arewa da Jojiya. Wata rana a shekarar 1938 yana wasan ƙwallo a bayan gida da 'ya'yan 'yar'uwarsa su biyu, sai ya yi tuntuɓe da gindin wata bishiyar fure. Ya zauna yana duba ƙafarsa. A nan ne ya tambayi yaran ko suna so su yi wasa a kulob na sosai, da riguna iri ɗaya da sabon ƙwallo da gora daidai hannunsu. Yaran suka ce suna so.

Stotz bai tsaya a baki ba. Ya riƙa tara yaran unguwa yana gwada tsawon fili iri-iri, yana duba inda yaro zai iya kaiwa da gudu da kuma jifa. A ƙarshe ya tsaya a kan ƙafa 60 tsakanin zango da zango, maimakon 90 na manya. Har yau wannan awo ake bi.

Sai kuma maganar kuɗi. Stotz ya shiga gari yana neman 'yan kasuwar da za su sayi riguna da kayan wasa. Wuri 56 ya je, duk suka ce ba su yi. A na 57, wani kamfanin madara mai suna Lycoming Dairy ya ba shi dala 30. Daga baya wani kamfanin katako da wani gidan toye-toye suka bi sahu. Aka sami kulob uku, kowanne ɗauke da sunan wanda ya saya masa riga. Ran 6 ga watan Yuni, 1939, aka yi wasan farko. Yaran kamfanin katako suka ci na kamfanin madara 23 da 8. Ƙungiyar da ta haɗa waɗannan kulob uku ita ce aka sa wa suna Little League, wato gasar ƙanana.

Abin ya tafi a hankali da farko, domin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga tsakani. A shekarar 1946 rassa 12 ne kawai, duk a cikin Pensilbaniya. Bayan nan sai abin ya bazu kamar wutar daji. A 1948 rassa sun kai 94, a 1949 sun kai 307. A 1951 aka buɗe reshe a ƙasar Kanada.

Shi kansa Stotz bai ji daɗin yadda girman ya zo ba. Yana ganin manyan kamfanoni da masu neman suna sun karɓe wasan daga hannun yara da iyayensu. Rigima ta ɓarke tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar a 1955, har aka je kotu. Ya bar ƙungiyar da ya kafa da hannunsa, bai koma ba har ya rasu a 1992.

Ƙanana sun rage a baya

Gyaran Stotz ya yi wa yara 'yan shekara 9 zuwa 12 daidai. To, ina ɗan shekara 5 ko 6? Shi har yanzu yana gefe yana kallo.

Matsalar a wajen jifa take. Yaro ɗan shekara 6 ba ya iya jefa ƙwallo ya tafi sak. Wani jifan ya wuce ta saman kai, wani ya faɗi ƙasa tun kafin ya iso, wani kuma ya sami mai gora a jiki. Yaron da ƙwallo ya buge sau ɗaya, gobe da tsoro zai tsaya. Yana ganin an ɗaga hannu sai ya runtse ido ya ja da baya. Wani ma ya ce ya fasa wasan ke nan har abada. Ko da jifan ya zo daidai, ido da hannun ƙaramin yaro ba su saba haɗuwa a kan abu mai gudu ba. Sai ya yi ta dukan iska.

Idan ba a bugi ƙwallo ba, babu mai gudu, babu mai cafewa. Yaran da aka sa tsaron fili sai su gaji da tsayuwa. Wannan ya tsuguna yana wasa da ƙasa, wancan yana bin fara. Iyaye su zauna cikin rana awa guda ba su ga komai ba.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne. A cire mai jifa gaba ɗaya. A kafa turke a gida, a ɗora ƙwallo a kansa, yaro ya zo ya buga. Turken ba sabon abu ba ne, domin tun shekarun 1940 manyan 'yan wasa suna amfani da irinsa wajen koyon bugu. Sabon abin shi ne a mayar da shi wasa cikakke, mai kulob da dokoki da ranakun karawa.

Ƙauyen da ya zama birni

Garin Warner Robins yana tsakiyar jihar Jojiya, kudu da birnin Macon. Jojiya ƙasar noma ce, an san ta da auduga da gyaɗa. Kafin 1941 wurin ɗan ƙaramin ƙauye ne a bakin hanyar jirgin ƙasa, sunansa Wellston, kewaye da gonaki. A shekarar 1941 gwamnati ta fara gina babban sansanin jiragen sama na soja a wurin. Ma'aikata suka riƙa kwararowa da iyalansu. A 1942 aka sake wa garin suna, aka sa masa sunan wani janar na soja da ya rasu, Augustine Warner Robins.

A 1950 mutanen garin sun kusa 8,000. A 1960 sun haura 18,000. Yawancinsu baƙi ne, ma'aikatan sansani masu ƙananan yara. Lokacin kuwa haihuwa ta yi yawa a Amurka, domin sojoji sun dawo daga yaƙi sun yi aure. Gari ya cika da yara, ga dogon hutun makaranta na lokacin zafi, wata uku cur. Iyaye ba su da kakanni ko dangi kusa da za su bar wa yaran. Dole a samo musu abin yi.

Hukumar garin tana da ofishin kula da wasanni da shaƙatawa. Shugaban wannan ofishi shi ne Claude Lewis. A watan Maris na 1958 ya kafa ƙungiyar ti-bol domin yaran da ba su isa shiga wasan jifa ba. A shekarar farko yara 20 ne suka yi wasa. Yara 20 kulob biyu ne kawai, da ɗan ragowa. Ba wani taro ba ne da zai ja hankalin kowa.

Abin da ya sa ƙungiyar ta yi suna shi ne wani aiki da Lewis ya yi a kan tebur. Ya zauna ya rubuta dokokin wasan. Ya mayar da su ɗan littafi. Sa'an nan ya riƙa aika littafin ta gidan waya zuwa ofisoshin wasanni na wasu garuruwa, a cikin Amurka da ma ƙasashen waje. Wasan da ke cikin kan mutum ɗaya, in ya tashi daga gari wasan ya tashi tare da shi. Wanda aka rubuta kuwa, malamin da bai taɓa ganin Lewis ba yana iya karantawa ya tara yaran garinsu gobe. Haka wasan ya riƙa tsallakawa daga gari zuwa gari.

Yadda ake yin wasan

A yau ƙungiyar Little League tana karɓar yara 'yan shekara 4 zuwa 7 a sashenta na ti-bol. Dokoki sukan bambanta kaɗan daga gari zuwa gari, amma ga abin da aka fi yi.

Turken na roba ne, ana iya ɗaga shi ko a sauke shi, ya zo daidai ƙugun yaro. Ƙwallon ya fi na manya taushi. Gorar gajera ce, ba ta da nauyi. Mai bugu yana sa hular kwano. Tsakanin zango da zango ƙafa 50 ne ko 60. Akwai yaron da ke tsayawa a tsakiyar fili inda mai jifa ya saba tsayawa, amma ba ya jifa, tsaro kawai yake yi.

A wurare da yawa kowane yaro sai ya yi bugu kafin a yi musanya, ko an fitar da mutum uku ko ba a fitar ba. Babu wanda ake bari a benci. Sau da yawa ma ba a ƙirga ci. Masu koyarwa suna shiga cikin fili su tsaya kusa da yara, suna nuna musu inda za su gudu. Wannan ya zama dole. Ba abin mamaki ba ne a ga yaro ya bugi ƙwallo ya ruga hagu maimakon dama, ko a ga yara biyar na kulob ɗaya sun taru a kan ƙwallo suna ƙwace. Dariyar da iyaye ke yi a bakin fili rabin wasan ce.

Wasu iyaye ba sa son wannan tsari. Suna cewa wasan da babu wanda ya ci ba wasa ba ne, kuma yaro ya kamata ya saba da faɗuwa tun yana ƙarami. Masu koyarwa kuwa suna cewa ɗan shekara 5 abin da yake bukata shi ne ya iya riƙon gora, ya iya jiran layinsa, ya ji maganar babba, kuma ya so dawowa gobe. Lokacin gasa yana nan tafe. Maganar masu koyarwa ta fi ƙarfi, domin tsoron da ya kori yara tun farko shi ne aka kafa turken don a kawar.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ma'aikata masu albashi da yawa. Iyaye ne ke koyarwa kyauta bayan sun taso daga aiki. Su ne ke share fili, su zana layi da farar ƙasa, su sayar da abinci a bakin fili don a tara kuɗin kaya. Masu kantuna na gari su sayi riguna, a rubuta sunan kantinsu a baya, kamar yadda kamfanin madara ya yi wa Stotz.

Wa ya fara?

Warner Robins ba shi kaɗai ke cewa shi ya fara ti-bol ba. Mutanen garin Albion a jihar Mishigan suna cewa wani malamin makaranta, Jerry Sacharski, ya fara shi a garinsu tun 1956, da turken da ya haɗa da bututun ƙarfe da tiyon ba shuka ruwa. Mutanen Starkville a jihar Misisifi suna cewa a wurinsu aka tsara shi a 1961. A jihar Fulorida kuma wani fasto, Dayton Hobbs, shi ne ya yi rajistar sunan wasan a wajen gwamnati a farkon shekarun 1970. Kowane gari yana riƙe da nasa labarin.

Abin lura shi ne duk garuruwan nan ƙanana ne, kuma duk masu wannan da'awa malamai ne ko ma'aikatan da ke hulɗa da yara kullum. Matsala ɗaya ce ta same su a lokaci ɗaya. Ba abin mamaki ba ne idan sun faɗa kan magani ɗaya.

Waɗanda aka hana shiga

Ƙanƙanta ba ita kaɗai ce ta tsayar da yara a gefen fili ba. A shekarun 1950 jihohin kudancin Amurka, har da Jojiya, suna da dokokin raba baƙar fata da farar fata a makarantu da wuraren wasa. A 1955 wani kulob na yara baƙar fata daga birnin Charleston, a jihar da ke maƙwabtaka da Jojiya, ya shiga gasar Little League. Duk rassan farar fata na jihar suka ƙi karawa da su. Shugabannin ƙungiyar suka ƙi korar yaran, sai rassa da yawa na kudu suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar. An gayyaci yaran Charleston zuwa babbar gasa a Williamsport, amma kallo kawai suka yi. An ce doka ba ta yarda kulob ya shiga ba idan bai buga wasa ya ci ba. Sai a 1964 aka yi dokar ƙasa da ta hana irin wannan wariya a wuraren jama'a.

'Yan mata ma an hana su. A 1951 Little League ta rubuta doka cewa wasan na maza ne kawai. A 1972 wata yarinya mai suna Maria Pepe, a jihar New Jersey, ta buga wasa uku aka cire ta. Aka kai ƙara, aka yi nasara. Daga 1974 aka buɗe wa mata ƙofa. A yau a filin ti-bol maza da mata tare suke wasa a kulob ɗaya.

Bayan shekara 49

Wasan turke ya yi nisa. A watan Mayu na 2001 shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya sa aka shirya filin ti-bol a harabar fadarsa, yara suka riƙa zuwa suna wasa a gabansa. Shi ma ya yi wasa a Little League yana yaro. Ana kuma yin ti-bol a Japan da Ostireliya. Little League tana da rassa a ƙasashe fiye da 80. A 2012 yaran Yuganda suka zama kulob na farko daga Afirka da ya buga babbar gasar Williamsport.

Garin Warner Robins kuwa, mutanensa sun kai kimanin 80,000 a ƙidayar 2020. A watan Agusta na 2007, shekara 49 bayan yara 20 na Claude Lewis, kulob ɗin Little League na garin ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya. Yara ne 'yan shekara 12 ko kusa da haka, kuma wasan jifa suka yi, ba na turke ba. Suka haɗu da wani kulob daga birnin Tokiyo na Japan. Aka gama turmi shida da doka ta tanada ana 2 da 2, sai aka ƙara lokaci. A turmi na takwas wani yaron Warner Robins ya bugi ƙwallo ya tsallake shingen fili. Wasa ya ƙare 3 da 2. Yaran Japan suka fashe da kuka a tsakiyar fili. Yaran Jojiya suka bar murna, suka je suka rungume su ɗaya bayan ɗaya, ana nunawa a talabijin.

'Yan matan garin su ma sun ci gasar duniya ta irin nasu wasan, mai babban ƙwallo, a 2009 da kuma 2010. A shekarar 2010 Little League ta buɗe ofishinta na yankin kudu maso gabashin Amurka a Warner Robins, da sabon filin wasa. Kowace shekara zakarun jihohin yankin suna haɗuwa a can, kulob ɗin da ya yi nasara shi ne ke tafiya Williamsport.